Neman Saniya a Kuala Lumpur

Tun da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin Ilu mai shayi, kafin ya fasa ƙwai wani ya matso: "Baba Tanko, yaya Maleshiya?" Na ba da labarin nan har muƙamuƙina ya gaji, kuma kullum sai an samu wanda ya zo a tsakiya ya ce a koma farko. Shi ya sa na sayi biro. Ni dai a aji uku na yi sallama da makarantar boko, ita ma ba ta yi kukan rabuwa da ni ba, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata ɗaukar bidiyo, tun zamanin kyamarar da ake saɓawa a kafaɗa kamar buhun masara. Ba ni da kamfani, ba ni da ofis. Ni ne darakta, ni ne mai haske, ni ne mai korar awaki in sun shigo hoto. Mafi yawan masu nemana a nan Jos mawaƙan kaboyi ne, masu irin waƙar nan da ake yi da jita a hankali, murya ƙasa-ƙasa kamar mutum yana ba matarsa haƙuri. Mutanen Filato sun fi Turawan da suka ƙirƙiro ta son ta. Ƙa'idar bidiyonta kuwa ba ta da wuya: malafa, jita, da saniya a baya tana kiwo. In babu saniya ba waƙar kaboyi ba ce, mutum ne kawai ya sa hula yana ƙorafi.

To akwai wani Bitrus, ɗan Bokkos, wanda ni na ɗauki bikinsa da matarsa Rifkatu. Aikin kwamfuta yake yi a Kuala Lumpur, ita kuma tana koyar da lissafi a wata kwaleji. Rannan ya kira ni.

"Baba, na yi waƙa a kan gonar babana. Ba mai ɗaukarta sai kai."

"To ka zo mana. Ga shanu nan bayan gidana, ba sa barin mu barci."

"Ba hutu, Baba, takarduna ma suna wurin sabuntawa. Kai za ka zo."

Ashe sau biyu yana gwadawa da samarin can. Na farko ya tsayar da shi gaban tagwayen benayen nan nasu. Na biyu ya tashi wani ƙaramin jirgi mai kyamara, ya yi ta sama har ba a ganin komai sai tsakiyar malafa. Da aka tura gida, surukarsa ta tambaya ko aikin gadi Bitrus ya samu. Shi ne Rifkatu ta yanke hukunci: wannan ne gwaji na ƙarshe. In bidiyon bai fito yadda za ta tura wa mahaifiyarta ba tare da jin kunya ba, za a kai jitar coci a ba matasa, shi kuma ya bar waƙa. Yana faɗa min muryarsa na rawa. Mutum mai digiri biyu.

Na ce za ni. Ba don tausayi ba, don dai ban taɓa shiga jirgi ba.

Daga Jos zuwa Abuja ba labari, sai direban da ya yi ta wa'azi a kan cutar da aka ce ta ɓulla a Sin, yana yi yana tari a kanmu. A filin jirgi aka ce in ba da ƙafar kyamara a sa cikin kaya. Na ce ko matata ba na ba wa ita. Aka kira wani babba, ya dube ni, ya dubi ƙafar, ya ce, "Baba, ko ka ba da ita ko ku kwana tare a nan." Na ba da. A Habasha muka sauya jirgi. Na ji wasu suna Hausa, na ce alhamdu lillahi, na bi su kamar raƙumi da akala, muna hira har bakin ƙofa. Sai da wata ma'aikaciya ta duba tikitina ta ce waɗannan Dubai za su. Ba ɗayansu da ya tambaye ni ina za ni. Ni ma ban tambaye su ba, don kada a ce ban san hanya ba.

Da muka sauka Kuala Lumpur, wata 'yar siririya mai takunkumi a fuska ta tare ni ta ɗora min wani abu kamar bindiga a goshi. Na ɗaga hannu biyu na yi kalmar shahada. Abin ya yi ƙara, ta ce in wuce. Zafin jiki take aunawa. Waɗanda ke bayana suka yi dariya, har da wani Bature mai gajeren wando wanda a garinmu ko kasuwa ba za a bari ya shiga ba. A gaba aka buɗe jakata. Goro ya tsira, don na ɓare ɗaya na tauna a gabansu ban mutu ba. Kilishi bai tsira ba. Mai hatimi ya dubi fuskata, ya dubi fasfo, ya buga ya ce, "Boleh." Ita ce kalmarsu ta farko da na koya, wato an yarda, ya yiwu. Daga baya na gane ba kullum take nufin haka ba.

A waje na hango Bitrus tun daga nesa, ba yadda za a yi in rasa shi. Malafar fata, 'yar shara ta fata, bel mai kan ƙarfe kamar murfin tukunya, da takalmi mai tsini har ƙwauri. Garin kuwa zafi ne mai jiƙa mutum, kamar an rufe ka cikin tukunyar dambu. Gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Sannu da zuwa, Baba! Yaya hanya?"

"Lafiya lau. Kai kuma ina ka ɗaure dokin?"

"Baba ka fara, lah."

Wannan "lah" a ƙarshen kowace magana suke liƙa ta, su da 'yan ƙasar. Na tambayi ma'anarta, aka ce ba ta da shi. Na ce to mun yi daidai da ita.

Gidansu a Sentul yake, wata unguwa da aka ce da ta ma'aikatan jirgin ƙasa ce. Bene ne mai hawa ashirin da wani abu, su suna kusa da sama. Kowa yana barin takalmansa a bakin ƙofa, a waje, su kwana su wuni ba mai taɓawa. Da farko na ɗauka tsoron Allah ne. Daga baya na ga ba wanda ya damu da wani ne har ya kalli takalminsa. Ka haɗu da maƙwabci a lif, ka ce masa sannu, sai ya duba wayarsa kamar ita ta yi magana. A banɗaki ba buta, sai wani tiyo mai kan ƙarfe. Ba wanda ya gaya min ƙarfinsa. Na fito rigata sharkaf har wuya, Rifkatu ta juya baya tana gyaran labulen da ba abin da ya same shi.

Abinci kuwa, shinkafa da safe, shinkafa da rana, shinkafa da dare. Ta safen da madarar kwakwa ake dafa ta, a zuba gyaɗa da wasu 'yan kifaye masu ido kamar an tsorata su, a naɗe a ganye. Bitrus ya kai ni mamak, wato shagon shayin Indiyawa Musulmi, inda mai shayi ke ɗaga kofi sama yana zubo shi a wani. Bitrus yana kallona wai in yi mamaki. Na ce Ilu ma yana yi, kuma shi yana yi yana zagin gwamnati, wannan kuwa shiru yake. A kasuwar Chow Kit aka ba ni wani ɗan itace mai ƙaya, durian, wai sarkin 'ya'yan itatuwa. Warinsa kamar an buɗe kwata a bayan mahauta. Na ci don kada in kunyata ƙasata. Har washegari in na yi gyatsa sai in nemi gafarar na kusa. Kowa a garin "Ankul" yake ce min, wato kawu, har tsofaffin da suka girme ni.

Shirinmu shi ne ƙarshen mako mu fita bayan gari, wata gona da Bitrus ya ce akwai shanu har da doki. Ana saura kwana biyu aka yi sanarwa a talabijin: an rufe gari saboda korona. An rufe iyaka, an rufe filin jirgi, an rufe masallaci da coci. Ba mai fita sai cefane, shi ma kusa da gida, kuma mutum ɗaya tak daga kowane gida. A garinmu in an ce haka, sai a bi ta lungu. Su waɗannan mutane sai suka bi dokar. Gari guda ya shige ɗaki kamar an kaɗa kaji. 'Yan sanda da sojoji a kan titi suna tambayar ina za ka, kuma ba a yi musu "ranka ya daɗe, a duba mana."

Ku duba matsalar da kyau. Mutum ɗaya daga kowane gida. Mai waƙa da mai kyamara gida ɗaya muke kwana. In ya fita ni ina sama, in na fita shi yana sama.

Mun gwada dabara. Bitrus ya sa kayansa, ya ɗauki kwandon cefane ya sauka, ni kuma na kafa kyamara a baranda. Ya ajiye kwandon a filin ajiye motoci ya fara tafiyar kaboyi, ƙafa a buɗe kamar mai ƙurji. Na jawo hoton iyakar ƙarfin kyamara, abin da na samu shi ne ƙuda mai malafa. Kafin ya kai baiti na biyu mai gadi ya biyo shi da usur.

Sai ya ce a yi irin ta zamani: a rataya koren zane a bayansa, a ɗauke shi a falo, a ciro saniya daga intanet a liƙa. Na ce ban taɓa yin saniyar ƙarya ba. Ya ce ai ba ni zan liƙa ba. Muka ari zanin Rifkatu ba da saninta ba. Ya yi ta fama da kwamfuta, ya kira mu mu gani. Saniyar ta fi shi tsawo sau biyu, tana tsaye cikin ƙanƙara, gefen malafarsa ya narke, kunnensa ɗaya ya ɓace.

Rifkatu ta kalla, ta cire tabarau, ta dubi mijinta.

"Baban Ladi, wannan zan tura wa Mama?"

"Ba a gama ba ne, dear."

"Gonar babanka ce da ƙanƙara? Kuma wa ya ba ku zanina?"

Muka dubi juna. Na ce ni baƙo ne.

Ita Rifkatu ba muguwa ba ce, kada wani ya ce na faɗa. Tana koyar da ɗalibanta ta kwamfuta a ɗaki, shi yana falo yana jan jita, har ɗalibai suka fara tambayarta ko wani ba shi da lafiya a gidan. Da azumi ya kama, ita ta sayo sabuwar tukunya ta ce tawa ce ni kaɗai, ta riƙa dama min kunun shinkafa da gyaɗa, tana duba min lokacin shan ruwa a waya tun da ba a jin kiran salla sosai daga sama. Wata rana tana ajiye min kofi ta ce, "Baba, kai ba ka da laifi. Amma ranar da aka samu jirgin da zai mai da kai, ko da bidiyo ko babu, magana ta ƙare." Bitrus yana jin ta. Ya shiga goge jitar da hannun riga kamar mai lallashin jariri.

Rannan da safe ina baranda ina kallon titin da ba kowa, sai na ji kuka. Na ce ko yunwar azumi ce. Na sake ji. Saniya ce, ba shakka. Na ɗauko kyamara na jawo hoto wajen tsofaffin rumfunan jirgin ƙasa, gefen wani rafi. Ga rumfar kwano, ga shanu suna kaɗa wutsiya. Duk wannan wahala, ashe suna ƙarƙashin hancinmu.

Na ce yau ni ke cefane. Na ɗaura takunkumi, na ɗau kwando.

Mai shanun wani tsoho ne Ba'indiye, siriri, da farin zane a goshi. Madara yake sayarwa. Shanun nan kuwa ban taɓa ganin gata irin nasu ba: an shafa wa ƙahonsu fenti, an rataya musu ƙararrawa, wata har da sarƙar fure a wuya. Na ce masa "Ankul," ya ce min "Ankul," muka yi dariya. Turancina da nasa in an haɗa ba za su cika cokali ba, amma na ga yana da fara'a. Na ce bari in yaba masa dukiya yadda ake yi, don in za ka roƙi aron saniya sai ka fara nuna ka san darajarta.

Na nufi mai furen. Na kama tozonta na girgiza. Na matsa haƙarƙari, na ɗaga leɓe na duba haƙora, na ɗaka mata duka a cinya yadda ake yi a kara. Sannan na juyo na ɗaga masa babban yatsa, na ja yatsa a wuyana, na sumbaci 'yan yatsuna na ce, "Gud mit!"

Wato nama mai kyau. Wallahi a garinmu ba yabon da ya fi wannan.

Fuskar tsohon ta sauya kamar an kashe fitila. Ya ƙwala ihu da yarensu. Matarsa ta fito da tsintsiya mai dogon hannu. Ban tsaya neman fassara ba. Ni da gwiwata ke ƙara in na tashi daga sujada, rannan na tsallake kwata ban san na tsallake ba. Na iso gida ba kwando, ba silifa ɗaya.

Da na ba su labari, Bitrus ya dafe kai. Rifkatu ta zauna a hannun kujera.

"Baba, ka san abin da ka yi? Su fa uwa suke ɗaukar saniya. Ba sa yankawa, ba sa ci."

"To me suke yi da ita?"

"Suna girmama ta. Kamar ka shiga gidan mutum ne, ka mammatsa mahaifiyarsa, ka ce za ta yi daɗin farfesu."

Ni da nake ta yi wa mutanen garin dariya ba su iya gaisuwa ba.

Bitrus ya ce, "Shi ke nan, Baba. Saniya ɗaya a duk unguwar, ka je ka yanka ta da baki."

A gida in ka yi irin wannan, dattijo ake nema ya je da goro. Na duba, duk gidan ni ne dattijon, kuma ni ne mai laifin. Rifkatu ta ce goro ba zai yi ba, in kai ayaba, kuma ba tsohon zan ba wa ba, saniyar. Haka na zama ɗan cefanen gidan na dindindin. In sayo abin da aka aike ni, in ratse ta rumfar, in ajiye ayaba daga nesa in tsaya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Tsohon ba ya ko kallona. Matar kuwa tsintsiyarta na jingine inda zan gan ta. Da na ga ayaba ba ta isa ba, rannan na ɗauki shebur ɗin da ke gefe na fara kwashe kashi. Ni Tanko, darakta, da azumi a bakina, na tsallaka teku ina kwasar kashin shanu. Tsohon ya bar ni na kwashe tas. Da na koma ma haka. Sai a zuwa na gaba ya nuna min inda na bari.

Daga nan aka fara shiri. Na zo da kyamara cikin kwando, na roƙe shi da hannu, na ɗauki mai furen tana tuƙa, hasken safiya a bayanta. Na nuna masa a ɗan gilashin. Ya daɗe yana kallo, ya kira matarsa, ita ma ta kalla, ta ce wani abu mai taushi. Na yi masa kwatancen jita, na yi kwatancen mutum a tsaye gefen saniya. Ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin e ne ko a'a, ya ce, "Boleh."

Bayan Salla aka sassauta doka, mutum biyu na iya fita. A makon nan kuma aka ce an shirya jirgin kwaso 'yan Najeriya da suka maƙale, sunana na ciki. Dama ɗaya ta rage mana. Bitrus ya goge takalmansa har ina ganin fuskata a jiki, abin da ba na so. Ya fesa turare. Muka sauka tare karo na farko tun rufe gari, yana tafe yana ƙwas-ƙwas.

A bakin rumfa tsohon ya ɗaga hannu. Ya sunkuya ya taɓa takalmin, ya shinshina yatsansa, ya yi magana. Bitrus yana jin Malayanci kaɗan-kaɗan. Ya juyo gare ni.

"Wai fatar saniya ce. Wai ba za ta shiga ba."

"To cire mana."

"Baba, takalmin kaboyi fa!"

"Cire."

Ya cire. Tsohon ya nuna bel. Ya nuna 'yar shara. Ya nuna igiyar jita. Bitrus yana cirewa yana tarawa a kan dutse kamar mai shirin wanka a rafi. Daga ƙarshe tsohon ya miƙa hannu ya shafa gefen malafa, ya kaɗa kai. Ashe kaboyin namu tun daga sama har ƙasa gawar saniya yake sanye da ita, kuma yana so ya je ya tsaya kusa da 'yar'uwarta ya yi mata waƙa.

"Ban da malafa," in ji Bitrus. "Ankul, please lah. Malafa kaɗai."

Tsohon ya juya zai koma wurin shanunsa.

Bitrus ya cire ta. Ga sanƙo ya fito yana ƙyalli, wanda ni kaina ban san da shi ba. Wandon da ba bel ya fara zamewa, matar tsohon ta miƙo masa guntun igiya ya ɗaure. Ya tsaya ƙafa ba takalmi cikin taɓo, daga shi sai singileti.

"Baba, me ya rage?"

"Kai ka rage. Ba yawa, amma da shi za mu yi."

"Ba zan yi ba. Dariya za a yi min."

"An riga an yi maka sau biyu da malafa. Jirgina jibi. Ko ka yi waƙa a haka, ko ka kai jitar coci da hannunka. Ni duk ɗaya ne, na ga Maleshiya."

Ya tsaya yana kallon tarin kayansa. Sannan ya sauke takunkumi, ya zauna a kan wani bokiti da aka kife, ya ɗora jitar a cinya tun da ba igiya. Na kunna waƙar a waya don ya bi da baki yadda muke yi, ya ce in kashe, zai yi da kansa. Ya fara. Muryar dai ita ce, kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Yana cikin baiti na biyu, inda yake cewa babansa na dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa, sai mai furen ta tako ta zo ta bayansa ta fara lasar gumin wuyansa. Na ce shi ke nan, zai zabura. Bai zabura ba. Ya kai hannu baya, ba tare da ya waiwaya ba, ya sosa mata ƙarƙashin wuya, ya yi mata wani ƙyas da harshe irin na yaran da suka yi kiwo, ya koma kan jitarsa. Duk shekarun nan yana ɓoye mana ya iya wannan, yana nuna mana bel.

Ban ce a sake ba. Da ya gama tsohon ya kawo mana madara mai ɗumi a kofin ƙarfe. Na sha, na yi godiya, na wuce ta gaban saniyar hannuwana a aljihu.

Washegari na haɗa shi, ba ado, ba ƙanƙara. Rifkatu ta kalla a talabijin ɗin falo, hannu a harɗe. Da ya ƙare ta ce a mayar. Ta sake kallo. Bitrus yana tsaye a ƙofar kicin kamar wanda aka kawo gaban alƙali.

"Zan tura wa Mama," in ji ta. "Abin da ta ce, shi ne."

Dawowata ba daɗi. An zura min tsinke a hanci har na ga garinmu kafin in hau jirgi, aka sake zura wani da muka sauka, aka ce in killace kaina. Iyalina suka riƙa turo min tuwo da sanda. Da wa'adin ya cika, saƙon farko da na samu daga Maman Rifkatu ne, wai in zo Tudun Wada tana nemana. Bitrus ya kira ya ce tun da aka tura mata ba ta ɗaga wayarsa ba, ba ta ɗaga ta 'yarta ba. Ya ce, "Baba, ka je ka ji. In an kai jitar, a kai."

Na same ta a tsakar gida da mata uku 'yan zumuntarsu, sun haɗa kai a kan waya ɗaya, muryar Bitrus na fita. Ko kujera ba ta ba ni ba.

"Malam Tanko, har da kai?"

"Me na yi, Mama?"

"Shi yaro ne, kai fa? Ku zo har Bokkos ku ɗauki hoto, ku wuce ta ƙofar gidana, ba sannu ba sai an jima?"

"Mama, wallahi a Maleshiya muka ɗauka."

Matan suka kwashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Maleshiya da taɓo?" Wata ta ce ta ma san rumfar, bayan makarantar firamare take. Na ce su dubi ƙahon, su dubi furen. Maman Rifkatu ta ce ai ta gani, kuma ta san aikina ne, don ni ne mai son ƙyale-ƙyale.

"Ka gaya masa," in ji ta, "waƙar ta yi. Na nuna a zumunta, har matar fasto ta yi hawaye. Babansa sak, har sanƙon. In an buɗe hanya ya zo da jitar nan ya yi mana ita a coci ranar godiyar kaka, a gaban kowa. In ya yi, na yafe. Amma kai, da furfurarka, me za ka ce min?"

Na duba fuskokinsu. Fasfona na cikin aljihu da hatimi da komai. Na tuna tsinken hanci, na tuna shebur. Sai na cire hula na rusuna.

"A yi haƙuri, Mama," na ce. "Sauri muke yi."